Baƙon da Ba Ya Sallama

Adda Dija ce ta kawo shi,
fari, kamar murfin kwanon sha,
ta sa Manu ya hau kujera ya kafa shi a bango
tsakanin ɗakinmu da na yara.
Na ce, "Adda, ni tela ne, hancina na aiki,
ko zare ya ƙone ni nake fara ji."
Ta ce, "Wanda nake tsoro ba ya wari,
ba shi da launi, ba ya sa tari,
sallama ma ba ya yi."
Na yi dariya. Ta ajiye mini batir biyu ta tafi.

Tsakiyar damina, Jekadafari ta jiƙe sharkaf.
An ɗauke wuta tun la'asar,
ga ɗinkin biki, kaya tara, jibi za a karɓa.
Ruwa na dukan janareto a tsakar gida,
na ja shi baranda, gindin taga,
na ce sha biyu na yi zan kashe.
Sha biyu ta zo ta wuce,
ina kan keken ɗinki, kaina bisa hannu.

Sai kuka.
Ba na yaro ba, ba na mage ba.
Ƙara huɗu, shiru, ƙara huɗu,
kamar mai buga ƙofa da ya san kana ciki.

Ga gaskiyar da ban cika faɗa ba:
kujera na fara nema,
in hau, in zare batir, in huta.
Na duba, ba hayaƙi, ba wuta,
labule na nan lafiyarsa lau.
Na miƙe, sai ƙasa ta karkata,
kaina kamar an aza masa dutsen niƙa.
Daga ɗaki Yelwa ta ce, murya can ƙasa,
"Malam, zuciyata na tashi."
Nan maganar Adda ta dawo ta tsaya a gabana.

Ban nemi takalmi ba.
Na saɓi Walida, jikinta laƙwas kamar jiƙaƙƙen zane,
Manu ya ja ƙaninsa yana tangaɗi,
muka bar ƙofa a wangale,
muka faɗa cikin ruwa har gindin darbejiyar bakin titi.
Na ƙirga: ɗaya, biyu, uku, huɗu, ni na biyar.
Na sake ƙirgawa,
don kaina bai gama dawowa ba.

Yelwa ta tuna kayan mutane, ta juya.
Na riƙe hannunta.
Na ce, "Bar su. Shadda ba ta numfashi."

Gambo mai Keke Napep ya fito da tocila,
ya kashe injin daga waje, bai leƙa ɗaki ba,
ya kwashe mu sai asibiti.
Aka rufe wa Walida hanci da robar iska,
ina kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka,
ban taɓa ganin ɗinki mai kyan wannan ba.
Likita ya ce, "Da kun ƙara awa guda,"
sai ya duba takarda, bai ƙarasa ba.

Adda ta zo da safe da kunun gyaɗa.
Na jira ta ce, "Ai na gaya maka."
Ba ta ce ba. Ta zuba mini a kofi.

Yanzu janareto na can ƙarshen gida, kusa da rijiya,
na yi masa rumfar kwano, iska ta ko'ina.
Duk farkon wata ina hawa kujerar nan
in danna ɗan maɓallin, ya tsala ihu, yara su toshe kunne.

Kayan bikin kuwa sun makara kwana biyu.
Uwar amarya ta zo har shago ta wanke ni tas.
Na tsaya ina saurarenta,
ina jan iska, ina jin daɗin kowace kalma.