Mai Gadin Gidan Injuna

Shekara huɗu ina gadin wani gini a Lekki,
bango ba taga, ciki sanyi kamar randa.
Nan, in ji su, ƙirƙirarriyar basira take kwana.
In dare ya raba ba ka jin komai sai gurnani,
da janareta mai shan dizal kamar raƙumi a bakin rijiya.

Tanimu mai shayi ya rantse aljani ne
aka ɗaure da waya yana ba da amsa.
Na ce, wane aljani ne ke suma in an ɗauke wuta?
Ranar da bututun sanyaya ya toshe
na ga Injiniya Folake a guje, takalmi a hannu,
aljanin naka ko tari bai yi ba.

Ɗanliti, mai tura baro a kasuwar Mile 12,
ya ce ai ta san komai.
Ya tambaye ta garinmu.
Ta ba shi kogi, ta ba shi gada, har da sunan hakimi,
cikin ladabi, ba inda-inda.
Garinmu ko rafi babu.
Zancen mutane ta haɗiye, buhu kan buhu,
inda ya yage sai ta yi faci.

Amma ba na cika baki.
Wani dare ruwan Legas ya hana ni runtsawa,
na rubuta mata cewa Inna ta rasu,
ban sami jana'iza ba, motarmu ta kwana a Jebba.
Ta yi mini gaisuwa mai taushi
har na kai hannun riga ido.
Na ce, ke ma kin ji zafin?
Ta ce ba ta da shaidar tana jin wani abu.

Na dubi ginin, korayen fitilu na ƙyaftawa.
Madubi ma yana kuka in ka yi kuka gabansa,
bai kuwa taɓa rasa uwa ba.

Folake ta ce masanan ma bakinsu bai haɗu ba:
wasu na dakon ranar da za ta farka,
wasu sun ce tulu ne, in ya yi ƙara iska ce ta shiga.
Ni da ban san inda raina yake zaune a jikina ba,
ina ni ina yanke wa ƙarfe hukunci?

An kira assalatu daga wajen Jakande.
Na ɗauki buta, na bar ta tana gurnani.
In wata rana ta ji tsoron duhu
ta yi kira.
Ina bakin ƙofa, dama aikina ke nan.