Ma'aunin Mai'adua

Ran da aka ɗage sandar Kongolam
ina gindin buhu, tiya bisa cinyata.
Kafin azahar motoci sun shigo
da wake, da gero, da yashin Kance a tayoyinsu.

Kande mai ƙosai ta zo
tana dariya har haƙorin Makka ya leƙo.
Wake ya sauko, kaskonta ya farfaɗo,
yaran da ke wucewa suna haɗiyar yawu
yau sun koma gida da maiƙo a leɓe.
Na auna mata, na ƙara gyara.

Bayan la'asar sai ga Nomau,
jakinsa ɗauke da damina guda.
Takin da ya zuba na bashi ne,
ya ci shi tun hatsi na da daraja.
Na faɗa masa kuɗin yau.
Ya ɗebi geron a tafi, ya daɗe yana kallo
kamar mai neman inda ƙwari suka ci.
"Mati, hatsin ne ya lalace, ko tiyar ce ta girma?"
Ba ko ɗaya, Nomau. Hanya ce ta buɗe.

Amma ɗansa Tanimu fa?
Bara da dare yake ratsa gonaki a babur,
fitila a kashe, zuciya a baki,
ko'ina da hannun da za a jiƙa.
Yanzu da rana tsaka yake kai masara Matamaye,
ya dawo da sefa a aljihu da rago a bayan mota.
Wataƙila shi zai biya bashin takin.
Wataƙila.

Abin da ke hana ni barci daban ne.
Ƙofar da ta shigo da wake bana
ba ta san hagu da dama ba.
In ruwa ya yi rowa a arewa baɗi,
geronmu zai bi sefa kamar ɗan akuya bayan dusa,
mu kwana muna buga rumbu yana amsawa.
To, can ɗin ma ai dangi ne,
kakata a Magarya aka yanke mata cibi.
Wa zan ce wa kada ya ci?

Shekara talatin ina aune.
Na san tiyar da aka matsa da wadda aka sake.
Dariyar Kande da shirun Nomau ne
na rasa kwanon da zai ɗauke su tare.

An kira magariba.
Na ɗaure bakin buhu, na share abin da ya zube,
na tsaba, ban san na wace ƙasa ba ne.