Zaki Ya Koma Niƙa

Bayan gidanmu a Aliero, ƙarƙashin dogon yaro,
akwai akori-kura zaune kan duwatsu huɗu.
Kaji na ƙwai a kujerar direba,
farin fentinta ya koma jar ƙasa,
amma zakin goshinta har yau tsaye yake
da ƙafa biyu, yana dambe da iska.

Babana Nomau ya saye ta da kuɗin albasa,
rani uku yana tusa su a tulu.
Ya tafi Kaduna, har Kakuri inda ake haɗa su,
ya dawo da ita tana ƙamshin leda.
Tun daga Jega bai wuce giya ta biyu ba,
don kada wani ya ce bai gani ba.
Inna Tumba ta rangaɗa guɗa,
mu yara aka ce sai mun wanke hannu mu taɓa.

Fijo ke nan.
Masu ita sun ce buhu goma, Baba ya ce ashirin,
ta sunkuya, ta yi nishi, ta tafi.
Ta san Yauri, ta san Kamba, ta san kowane rami da sunansa.
Ta kai masu naƙuda asibiti da tsakar dare,
ta kai mamata makwanci ba a karɓi ko sisi ba.
In lagireto ya tsiyaya, a zuba garin barkono,
in fambel ya tsinke, a yagi bakin zane.
Ranar da ta ƙi tashi, rabin unguwa ke tura ta,
suna zaginta kamar 'yar uwa.

Tunau bakanike, mai yatsa tara,
shi ya ba ni labarin gidansu
yana kwance ƙarƙashinta, ƙafafu kawai a waje:
"Mutanen nan, can ƙasar Faransa,
gidan niƙan hatsi gare su tun farko.
Suka mai da shi maƙera, suka shiga ƙera zarto,
suka sa zaki don a san haƙoran na ci.
Sai abin niƙa gahawa, abin niƙa masoro,
sai keke, sannan fa mota.
Miƙo min sifana sha uku."
Na ce, "Ashe dangin masu niƙa ce!"
Ya ce, "Kowa da inda aka binne cibiyarsa."

Shekaru suka ci gabansu.
'Yan Kwatano suka cika hanya, masu sanyi a ciki,
kayan gyara suka yi wuyar gani.
Idon Baba ya yi yana, ya daina tuƙi,
sai ya zauna a ciki da hantsi, hannu kan sitiyari,
yana gaida mutanen da ba sa wurin.
Damina biyu bayan haka muka kai shi,
a motar haya.

Bara wani yaro ya zo da sikeli,
ya buga ƙofarta da ƙafa, ya faɗi kuɗin kilo.
Ban yi fushi ba. Na ba shi ruwa ya sha,
na nuna masa hanya.

Tunau, da furfura, ya zo da amalanke,
muka ciro injin kamar masu karɓar haihuwa.
Kwana tara yana lallashinsa,
ran na goma ya yi tari, ya yi hayaƙi, ya amsa.
Muka ɗaura masa bel a rumfar bakin kasuwa.

Yanzu tun asuba mata ke jera kwanoni,
gero, dawa, jiƙaƙƙen wake.
Inna, da kunnenta ya yi nauyi,
takan ɗaga kai ta ce, "Ga Nomau can ya dawo."
Ba na gyara mata.
Ina karkaɗe gari daga gira,
in karɓi na gaba.