Matakala Ashirin da Uku

A bayan sashen nazarin ƙasa,
inda muke yanke hanya zuwa masallaci,
akwai ramin da kowa ke kira Bola.
Shekara huɗu ina wucewa da hannu a hanci.

Ran Asabar aka raba mana shebur da kwanon sarki.
Ledar ruwa, ƙafar kujera, takalmi wari guda,
takardar jarrabawar wani
da ya faɗi tun kafin a haife ni.
Sai bakin shebur ya yi ƙara.
Dutse. Ƙarƙashinsa wani dutsen.

Injiniya ya ce a kawo siminti.
Baba Jatau magini ya furzar da goro:
"Rijiya numfashi take, yaro.
Ka toshe mata hanci, ta ƙaura gidan wani."
Ya durƙusa yana juya kowane dutse
har ya gano gefen da ya saba kwanciya.

Sha tara muka ƙirga.
Kwamiti ya rubuta sha tara,
aka aika Zariya a sassaƙa allo.

Iya Kande mai ƙosai a bakin ƙofa
ta bar mai a wuta, ta leƙo.
"Ashirin da uku ne.
Da tulu a kai na ƙirga su,
kafin a zagaye gonakinmu da waya."

Kowace matakala da kwarminta a tsakiya,
kamar cikin ƙwarya.
Na cire takalmi, na sa ƙafa.
Ta zauna daidai.

Muka ci gaba.
Ta ashirin, laka.
Ta gaba, kwaɗo ya harare mu.
A ta ashirin da biyu, katangar tulu.
"Ba nawa ba ne," in ji Iya,
"na Asabe ne. Ta sha kuka ranar."

Bayan la'asar ruwa ya fara tsattsafowa,
a hankali,
kamar baƙon da bai tabbata nan ne gidan ba.

Allon ya iso, yana nan da sha tararsa.
An ce babu kuɗin gyara sai baɗi.

Gwiwar Iya ba ta sauka yanzu.
Na ɗebo mata a ludayi, jawur.
Ta daɗe tana kallo, ba ta sha ba.
Ta ce, "Bar shi ya kwanta.
Dama can haka yake, ba ya son gaggawa."