Grilo a Kujerar Baya

Shekara talatin da ɗaya ina tuƙa bas
tsakanin Bragança da Porto.
Na ɗauki mashaya, na ɗauki mai naƙuda,
na ɗauki sojoji masu waƙa har asuba,
ba wanda ya sa hannuna rawa a sitiyari.
Sai ga kare mai kilo huɗu
ya mai da ni ɗan koyo.

Grilo sunansa, gyare ke nan a bakinmu.
Idalina ce ta raɗa masa,
don tsallensa ya fi ƙarfin jikinsa.
Yanzu da ya ji kacau ɗin makulli
sai ƙarƙashin gado,
wutsiya a matse, kunne a kwance,
yawu na dalala kamar lalataccen famfo.

Ban ga laifinsa ba.
Shigarsa motar nan ta ƙarshe,
mu uku muka tafi asibiti,
mu biyu muka dawo.
Kare bai yi makaranta ba, amma ya iya lissafi.

Likita Quitéria ta dube shi, ta dube ni,
ta ce, "Albano, kada ka ta da injin tukuna.
Ku shiga ku zauna kawai."

To, muka zauna.
Mako guda cur a gareji,
ni a gaba, shi a baya, mota a kashe,
ina karatun jarida, yana karkarwa,
ina miƙa masa gutsuren cuku ta kafaɗa.
Maƙwabcina Horácio ya leƙo:
"Yau ina aka nufa?"
Na ce, "Nan ɗin dai."

Mako na biyu na murɗa makulli,
minti uku, na kashe.
Na uku muka kai ƙofar gidan burodi,
ya kelaya amai a shimfiɗar ƙafa.
Ni na jawo, na cika masa ciki kafin fita.
Daga ranar, abinci sai an sauka.

Ƙwayar likita tana aljihuna, ban ɓare ba.
Abin da ya karya tsoron
rigar sanyin Idalina ce, shuɗiyar nan
da maɓalli ɗaya ya ɓace mata,
wadda na kasa wankewa, na kasa bayarwa.
Na shimfiɗa ta a akwatinsa,
na ɗaure akwatin da bel ɗin kujera.
Ya zagaya sau uku, ya cusa hanci a hannun rigar,
ya sauke wata ajiyar zuciya
da na san irinta.

Jiya Telma ta kira, wai jikata ta fara taku.
Kilomita ɗari biyu da 'yan kai.
Na sauke gilashi faɗin yatsa biyu,
na kashe rediyo,
ina shan kwana kamar mai dakon ƙwai.
A Mirandela muka tsaya,
ya sha ruwa a tafin hannuna,
ya sa hannu a gindin wani zaitun.

Sai ramin dutsen Marão.
Ba sama, ba gefe,
fitilu na wucewa ɗaɗɗaya bisa kanmu,
siririn kukan nan ya taso daga baya.
Ban waiwaya ba, direba ba ya waiwaye.
Na dai buɗe baki na shiga zuba ƙasa-ƙasa:
tsadar dankali, ciwon gwiwata,
ranar da Idalina ta ƙona miyar kabeji
ta rantse laifin tukunya ne.
Kafin mu raba ramin biyu
na kasa tantance
wa nake lallashi a cikinmu.

Da haske ya buɗe, na saci kallo a madubi.
Bai yi barci ba, kada in yi ƙarya.
Idonsa biyu, haƙarƙari na hawa da sauka,
amma haɓarsa na kan shuɗin ulu,
kunne ɗaya a tsaye
yana jiran ƙarshen zance.

Da sauran tafiya gabanmu.
Na gyara murya na ce,
"Ina muka kwana? Yawwa, tukunya."