Mai Tafiya a Kaikaice

A gidan hayarmu na Kakuri, bayan tsohuwar masaƙa,
ɗaki takwas ne, murhu takwas, famfo ɗaya.
Da la'asar hayaƙinmu kan haɗu a sama ya gaisa,
tukwanen ne dai ba sa ga maciji.

Uduak, mai ɗaki na uku, nas ce a asibitin Barnawa.
Duk ƙarshen wata motar dare kan sauke mata ƙunshi daga garinsu:
busasshen jatan lande, ja kamar ya kwana da lalle,
ƙaguwa mai almakashi biyu,
da wasu 'yan dodon koɗi baƙaƙe
da ake tsotsa, tsut, a tofar da gidan a faranti.

Kawu Barau, wanda ya shekara talatin yana ba jirgin ƙasa hannu,
da ya ji ƙamshin sai ya ja tabarmarsa zaure.
"Abin da ke tafiya a kaikaice," in ji shi,
"ba zai miƙe a cikina ba.
Ƙashi a waje, nama a ciki,
wa ya sa wa halitta riga a baibai?"
Na ce, Kawu, ai malamai sun ce na ruwa halal ne.
Ya ce, "Ban ce haram ba, 'yar nan.
Halal daban, maƙogwaro daban."

Da kaka ta yi, fara ta sauka Kasuwar Barci.
Kawu ya auno kwano guda, soyayya, ta sha yaji da lemon tsami,
ya zauna yana fige ƙafa da fiffike, ƙurus, ƙurus.
Ya miƙa wa Uduak cikin tafi, don maƙwabtaka.
Ta ja da baya har ta kifar da bokiti.
"Baba, ƙwaro ne fa! Ga shi yana kallona!"
Ya ce, "Naki fa, makaho ne?"

Ni ina bakin famfo, ina wanke-wanke, ina ƙirge.
Bitrus ba ya cin kuɓewa, wai yauƙinta na bin sa har barci.
Matarsa Kande ta ce ganda takalmi ce da ta ɓata hanya.
Iya Mulika ta leƙa miyar kukata, ta tambaya ko daga kududdufi na ɗebo.
Ni ma, in za a bi gaskiya,
ƙwai mai ruwa-ruwa ko da kuɗi ba ni ba shi.
Kowa da ƙofar da ya rufe a bakinsa,
ba mai tuna ranar da ya danna mata kwaɗo.

Sai Mardiyya, 'yata, shekara shida, ba ta da kwaɗo.
Da cokalinta take zaga ɗakuna.
Ta tsotsi na Uduak, ta ƙurmushi na Kawu,
ta lashe yatsu ta yanke hukunci:
"Wancan farar ruwa ce, wannan farar tudu."

Da damina zazzaɓi ya kwantar da Kawu.
Kwana biyar, ko kunu ya ƙi wucewa.
Uduak ta dawo daga aikin dare, ko takalmi ba ta cire ba,
ta ɗora faten doya, na ji turminta yana magana a hankali.
Ya ci loma, ya tsaya. Ya ƙara.
Ya sa yatsa ya share kwanon.
"Wace irin daddawa ce wannan?"
Na dubi Uduak, Uduak ta dubi silin.

Bayan sati, yana alwala, na tsuguna kusa da shi,
laifi yana cin raina.
Na ce, Kawu, faten nan...
Ya ɗaga hannu kamar zai tsai da jirgi.
"Na sani. Ni na yi ritaya, hancina bai yi ba.
Amma dakakke ai ba ya tafiya a kaikaice."

Har yau in an soya ƙaguwa yana jan tabarma zaure.
Uduak kuwa, farar da ya ba ta bara
tana nan cikin kwalba a kan tagarta,
wai sai ta daina kallonta tukuna.