Allon Makera

Mun zauna kan bencin 'yan aji uku,
gwiwa na taɓa haɓa.
Ishaku, da ya ba masaƙa shekara ashirin
kafin a garƙame ta,
shi ya riƙe alli.

Wakilin ƙaramar hukuma ya zo da takarda mai hatimi.
Liman da fasto, benci guda.

Ladidi mai awara ta miƙe:
"Kada ku rubuta talauci,
ba shi da ƙofar da za a ƙwanƙwasa.
Ku rubuta famfon bakin kasuwa,
wata bakwai ko tari bai yi ba.
Ku rubuta ɗakin haihuwa,
inda ungozoma ke riƙe tocila da haƙori."

Alli ya yi ta ƙara.
Bututu na hukuma, yashi na masu tifa,
haƙa ta samarin gareji ran Asabar.
Kuɗi kuwa a hannun mutum uku.
Mai hatimi ya yi dariyar yaƙe, ya sa hannu.

Ishaku ya rubuta a ƙasa: Kada a goge.

Ran Litinin malamar aji
ta koyar da lissafi
a 'yar kusurwar da muka rage.